Ra'ayi: Kafin A Danna "Saya", A Tambayi Kamfani Ina Kuɗin Ribar Da Ya Ce Ya Ci

Duk wanda ya taɓa raka abokinsa sayen waya a Daura ya san irin binciken da ake yi. Matashi zai karɓi wayar ya jujjuya ta, ya danna *#06# ya gwada lambar IMEI da wadda ke jikin kwali. Zai shiga saiti ya duba ko gigabait 128 ɗin da aka rubuta na gaske ne, don an sha sayar wa mutane wayar da ke nuna 128 a allo amma ta cika da zarar an zuba mata 'yan bidiyoyi. Zai sa layi ya yi kira, ya gwada kyamara, ya tsaya ya ga yadda caji ke sauka. Wani ma sai ya kira ɗan'uwansa da ke Farm Centre a Kano ya ji farashin can. Duk wannan a kan wayar naira 100,000.

Wannan matashin dai, da daddare, zai ga saƙo a guruf ɗin WhatsApp cewa ribar wani kamfani ta ninka sau uku. Zai buɗe manhajar sayen hannun jari, ya ga kibiya koriya tana kallon sama, ya zuba naira 100,000 cikin minti biyu. Bai tambayi daga ina ribar ta fito ba, bai kuma duba ko ta shigo asusun kamfanin ba.

A da, mai son sayen hannun jari daga Daura, Mai'adua, Zango, Baure ko Sandamu sai ya bi layin banki ya cike fom, ko ya nemi dillali a Kano. Yanzu manhajoji irin su Bamboo da Trove da na kamfanonin dillalai sun kawo kasuwar NGX cikin aljihu. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura na iya sayen wani yanki na MTN ko Dangote Cement yana zaune a ɗakinsa. Tun daga 2024, da Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su ƙara jarinsu, tallan sababbin hannun jari ya yawaita a wayoyin jama'a. Saye ya yi sauƙi ƙwarai, amma binciken da ya kamata ya rigaye shi yana nan yadda yake, kuma yawancin masu saye suna tsallake shi.

Adadin ribar da kamfani ya sanar kamar rubutun jikin kwalin waya yake. Yana iya zama gaskiya tsantsa, yana iya zama gaskiyar da ba za ta sake faruwa ba, wani lokacin kuma ƙarya ce. Wanda bai shirya ɓata awa ɗaya yana duba rahoton kuɗin kamfani ba, bai kamata ya sayi hannun jarinsa ba.

Abin da kasuwa ta riga ta koya wa kowa

A ɗauki misalin mai shagon wayoyi. A wata guda ya sayar da waya 40. Kowace ya saro ta a naira 90,000, ya sayar a 100,000. A littafinsa ya ci ribar naira 400,000. Amma waya 15 daga ciki bashi ya bayar, ga ma'aikatan da ke jiran albashi da abokan arziki. Kuɗin da suka shigo hannunsa naira miliyan 2.5 ne, alhali ya kashe miliyan 3.6 wajen sarin kayan. Littafi ya ce an ci riba, aljihu kuma ya ce ba za a iya komawa Kano sari ba sai an ranto kuɗi. Idan mutum huɗu kacal cikin goma sha biyar ɗin suka ƙi biya, ribar watan ta tafi gaba ɗaya.

Maƙwabcinsa ma ya ci ribar naira 400,000, amma duk cinikinsa kuɗi hannu ne. Na uku shi ma ya rubuta 400,000, sai dai rabinta ta fito ne daga tsohon janaretan shagon da ya sayar a watan. Adadi ɗaya ne a littafi uku, amma ba wani ɗan kasuwar Daura da zai rasa sanin wanda zai ba jarinsa a cikinsu. Wannan bambancin shi masana harkar kuɗi ke kira ingancin riba.

Ko a wajen fitar da zakka, ɗan kasuwa mai juya kaya ya san ba a haɗa bashi duka a kwando ɗaya. Malaman Malikiyya sun bambanta bashin da ake sa ran za a biya da wanda aka fid da rai da shi. Ilimin yana nan a gida tun kafin a ƙirƙiro manhaja. Abin da ya rage shi ne a yi wa manyan kamfanoni irin tambayoyin da ake yi wa mai shago.

Dokar kasuwar NGX ta tilasta wa kowane kamfanin da ke cikinta ya fitar da rahoton kuɗi duk wata uku, da kuma na shekara wanda masu binciken asusu suka duba suka sa hannu. Ana samun su kyauta a shafin intanet na NGX da na kamfanonin, a fayil ɗin PDF da bai kai nauyin gajeren bidiyon TikTok ba. Rahoton na iya haura shafi 100, amma ƙashin bayansa shafuka uku ne: na riba da asara, na kadarori da basussuka, da na shige da ficen kuɗi. Manhajoji da kanun labarai na farkon kawai suke nunawa. Na ukun ne ya fi wuyar yi wa kwalliya.

Tambaya ta farko: ribar ta zama kuɗi?

A ƙa'idar lissafin kamfanoni, ana rubuta ciniki ne a lokacin da aka miƙa kaya, ko da ba a biya ba tukuna. Wannan ba laifi ba ne, haka tsarin yake a duk duniya. Sai dai ƙofa ce da mai son zuciya ke iya bi.

Kamfanin Cadbury Nigeria, mai yin Bournvita da TomTom, yana cikin waɗanda ake ganin ƙimarsu a kasuwa. A ƙarshen 2006 aka gano cewa an yi shekaru ana kumbura lissafinsa, da abin da ya kai kusan naira biliyan 13. Cikin dabarun da binciken Hukumar Kula da Hada-hadar Hannun Jari, wato SEC, ya bayyana, akwai jibga wa dillalai kayan da suka fi ƙarfin abin da za su iya sayarwa a rubuta shi a matsayin ciniki, da kuma ɗage rubuta wasu kuɗaɗen da aka kashe zuwa gaba. A 2008 hukumar ta hukunta kamfanin da shugabanninsa na lokacin da kamfanin da ya duba asusun. Waɗanda suka sayi hannun jarin saboda ribar da ake sanarwa su suka kwana ciki.

Irin wannan wasa yana barin sawu. Idan kamfani ya rubuta cinikin da ba a biya ba, bashin da yake bin abokan cinikinsa zai kumbura a shafin kadarori, kuma kuɗin da suka shigo daga ainihin sana'arsa za su gaza ribar da ya sanar. Don haka gwaji na farko mai sauƙi ne. A ɗauki ribar shekara bayan haraji, a ajiye ta kusa da adadin kuɗin da aikin yau da kullum ya samar, wanda ke sashen farko na shafin shige da ficen kuɗi. A yi haka na shekara uku zuwa biyar. A shekara ɗaya kuɗi na iya gaza riba saboda dalili mai kyau, kamar kamfanin abinci da ya sayi hatsi da yawa da kaka. Amma idan shekara bayan shekara riba na hawa kuɗi na tsaye ko suna sauka, akwai magana.

Gwaji na biyu shi ne gwada saurin girman ciniki da saurin girman bashin da ake bin mutane. Ciniki ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, bashi ya ƙaru da kashi 70? To kamfanin na raba kaya ne, kamar mai shagon farko. Haka ma kayan da ke jibge a sito: in suna ƙaruwa fiye da ciniki, wataƙila kasuwa ta fara juya wa kamfanin baya.

Tambaya ta biyu: daga ina ribar ta fito?

Mutanen masarautar Daura ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan canjin kuɗi. Duk mai zuwa kasuwar Mai'adua ko ƙetare Kongolam ya san abin da ke faruwa da mai riƙe da sefa idan naira ta faɗi. Ita sefa ɗaure take da yuro, don haka in naira ta yi ƙasa, wanda ya kwana da sefa a akwati zai wayi gari dukiyarsa ta ƙaru a lissafin naira, ba tare da ya sayar da ko akuya ba. Ya samu, babu musu. Amma ba wanda zai ce sana'arsa ce ta bunƙasa, kuma ba zai iya yi wa kowa alkawarin irin wannan samu a baɗi ba.

Abin da ya faru da bankunan Najeriya ke nan a 2023. Ranar 14 ga Yuni na shekarar, Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ake canzawa kusan naira 460 a hukumance ta kai wajen 900 a ƙarshen shekarar, ta haura 1,500 a 2024. Bankunan da ke riƙe da kadarorin dala sai suka sake ƙiyasta su da sabon farashi, bambancin ya shiga shafin riba. Kamfanin GTCO, uwar bankin GTBank, ya tashi daga ribar naira biliyan 214 kafin haraji a 2022 zuwa biliyan 609 a 2023, kuma babban kaso na ƙarin daga wannan ƙiyasin ya fito. Sauran manyan bankuna ma haka.

Ba laifi bankunan suka yi ba, kuma sun bayyana komai a rahotanninsu ga mai son karantawa. Amma shi kansa Babban Banki bai ɗauki wannan riba daidai da ta aikin yau da kullum ba. A watan Satumba na 2023 ya aika wa bankuna takardar hana su amfani da ita wajen raba wa masu hannun jari ko biyan kuɗin gudanarwa. A 2024 kuma Majalisar Tarayya ta amince da harajin kashi 70 cikin 100 kan ribar canjin da bankunan suka riga suka mayar kuɗi. Matashin da ya ga "riba ta ninka uku" ya yi zaton rabon da zai samu ma zai ninka uku, bai karanta layin da ya fi muhimmanci ba.

Don haka a duba shafin riba da asara layi-layi, a ware abin da ya fito daga sana'ar kamfani da abin da ya faɗo daga gefe: ribar canjin kuɗi, sayar da fili ko reshe, sake ƙiyasta darajar gini, rangwamen haraji na shekara ɗaya. A cire su, a ga abin da ya rage. Wannan ragowar ita ce za a iya sa ran gani a shekara mai zuwa.

Asara ma tana da iri-iri

Karatun rahoto ba don gano maƙaryata kaɗai ake yin sa ba. Yana hana mutum firgita a inda bai kamata ba. Misalin da ya fi kusa da kowane mai waya shi ne MTN Nigeria. Kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a watan Mayu na 2019, kuma a Disambar 2021 ya sayar wa jama'a hannun jari a naira 169 kowanne, inda mutane da yawa suka saya ta waya a karon farko.

A 2023 kamfanin ya sanar da asarar naira biliyan 137 bayan haraji. A 2024 asarar ta kai biliyan 400. Wanda ya tsaya a kanun labari zai ce kamfani ya kama hanyar rushewa. Amma a wannan lokacin kuɗin shigarsa sun tashi daga naira tiriliyan 2.47 zuwa tiriliyan 3.36. Mutane ba su daina sayen data ba. Abin da ya cinye ribar shi ne faɗuwar naira, domin kamfanin na da basussuka da kuɗin hayar turakun sadarwa da ke ɗaure da dala. Asarar canji kaɗai ta kai biliyan 740 a 2023, ta haura biliyan 900 a 2024. Kishiyar mai sefa ke nan: mutumin da ake bin sa sefa, shi kuma cinikinsa na naira ne.

Wannan asara ba ta wasa ba ce. Ta cinye jarin masu hannun jari a littafi, kuma ba a raba musu riba ta shekarar 2024 ba. Amma mai karatun rahoto zai san tambayar da ya kamata ya yi: shin naira za ta ci gaba da irin wannan faɗuwa, kuma kamfanin zai iya rage abin da ke ɗaure da dala? A 2024 MTN ya sake yarjejeniyar hayar turaku da kamfanin IHS. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100, ƙarin da kowane mai waya ya ji a jikinsa. Kamfanin ya koma cin riba, hannun jarin da ya sauko ƙasa da naira 200 a 2024 ya haura 400 a 2025. Ba wanda ya san gaibu, kuma abin na iya juyawa wata hanyar. Bambancin shi ne wanda ya karanta ya yanke shawara a kan dalili, wanda bai karanta ba kuma tsoro ne ya yanke masa.

Tambaya ta uku: wane bashi ke kwance a ƙarƙashin ribar?

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kamfani ma haka, kuma cin bashi ba aibi ba ne in sana'a na iya biyansa. Abin dubawa shi ne nawa ne, da wane kuɗi aka ci shi, yaushe za a biya, kuma nawa kuɗin ruwansa ke ci daga ribar aiki.

Banki kuwa lamarinsa daban ne, domin bashin da ya ba mutane shi ne hajarsa. Gwajin shige da ficen kuɗi ba ya aiki a kansa yadda yake aiki a kan kamfanin siminti ko sukari. Ribar banki ta dogara da hukuncin da shugabanninsa suka yanke kan wane bashi ne zai dawo, wanne ne ya mutu. In suka ƙi amincewa cewa bashi ya mutu, riba za ta yi kyau a takarda har ranar da asiri zai tonu.

Iyaye da yayyen masu karatu da yawa sun ga wannan ranar. Bayan haɗe bankuna na 2005, jama'a sun yi rububin sayen hannun jarin bankuna, wasu har da kuɗin fansho da na gado. Bankunan na sanar da riba mai yawa, farashi na hawa. Kasuwa ta fara zubewa a 2008. Ranar 14 ga Agusta, 2009, Gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, Oceanic, Intercontinental, Afribank, Union da Finbank, bayan bincike ya nuna tarin basussukan da ba sa dawowa, aka zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe. A 2011 gwamnati ta karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank, takardun hannun jarinsu suka zama abin ajiya a ƙasan akwati.

Darasin bai tsufa ba. A watan Yuni na 2024 aka soke lasisin Heritage Bank. A Yunin 2025 Babban Banki ya umarci bankunan da ake yi wa sassauci kan wasu manyan basussuka su dakatar da raba riba har sai sun gyara littafinsu. Mai son sayen hannun jarin banki ya nemi adadin basussukan da ba sa biyuwa, ya gwada da iyakar kashi 5 cikin 100 da Babban Banki ya gindaya, ya kuma duba nawa bankin ya ware don cike gurbinsu.

Ga wanda ke gudun riba ta haram, wannan shafin dai shi ne wurin dubawa. Jerin kamfanonin NGX Lotus Islamic, wanda aka fara a 2012, yana tace kamfanoni ne ta irin sana'arsu da yawan bashin ruwa da ke kansu da kuɗin ruwan da suke samu. Duk waɗannan alƙaluma daga rahoton kuɗi ake ɗauko su.

"To in rahoton kansa ƙarya ne fa?"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu ƙin karatu ke kawowa, kuma tana da tushe. Kamfanin Tingo Group, na ɗan Najeriya Dozy Mmobuosi, ya shiga kasuwar Nasdaq ta Amurka da labari mai daɗi: wai yana ba manoman Najeriya kusan miliyan 9 hayar wayoyi tare da manhajar cinikin amfanin gona. Rahotonsa na 2022 ya ce akwai dala miliyan 461.7 a asusun bankunan reshensa na Najeriya, kuma masu binciken asusu sun sa hannu. A Disambar 2023 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta shigar da ƙara, ta ce abin da ke cikin asusun a lokacin bai kai dala 50 ba. Mmobuosi ya musanta zargin, amma a 2024 kotu a Amurka ta yanke hukuncin ya biya sama da dala miliyan 250 bayan bai kare kansa a shari'ar ba.

Sai dai a lura da yadda asirin ya fara tonuwa. Watanni shida kafin ƙarar, kamfanin bincike na Hindenburg, wanda a wancan lokacin yake cin riba idan hannun jarin da ya soka ya faɗi, ya fitar da rahoto. Cikin abin da ya nuna akwai cewa shafukan lissafin Tingo ba sa dacewa da juna, kuma da ya tuntuɓi NCC ba a sami shaidar lasisin da kamfanin ke iƙirari ba. Wato karatun rahoton ne ya kama rahoton. Duk mai rubuta manhaja ya san cewa canza abin da allo ke nunawa abu ne mai sauƙi, amma sa dukkan teburan rumbun bayanai su yarda da ƙarya ɗaya aiki ne ja. Shafuka ukun nan a sarƙe suke da juna, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Akwai kuma gwajin da mazaunin Daura ya fi ɗan kasuwar New York damar yi. Kamfanin da ya ce manoma miliyan 9 na riƙe da wayarsa, mai zaune a tsakiyar manoman gero da wake da gyaɗa na iya tambaya a ƙauye ko wani ya taɓa ganin ta. Buhun simintin Dangote ko na BUA ana ganinsa a kowane kango, layin MTN na cikin waya, sukari da taliya na kan teburin mai shago. Gani ya kori ji. Idan alƙaluman takarda suka yi hannun riga da abin da ido ke gani a kasuwa, a yarda da ido.

Hujja ta biyu ita ce Turancin rahoton ya yi tsauri, kuɗin da ake sakawa kuma kaɗan ne. Amma naira 50,000 ga mai POS ko ɗalibi ba kaɗan ba ce, watanni ya yi yana tara ta. Turancin kuma ba duka ake buƙata ba. Kowace manhajar karanta PDF na da akwatin bincike. Kalmar "cash flows" za ta kai mutum shafin shige da ficen kuɗi. "Receivables" za ta nuna bashin da kamfani ke bi. "Exchange" za ta fito da riba ko asarar canji. "Related parties" za ta nuna cinikin da kamfani ke yi da shugabanninsa da kamfanoninsu. "Going concern" kuwa, in masu binciken asusu suka ɗaga ta da alamar shakka, suna nufin ba su da tabbas kamfanin zai kai baɗi. Ana iya loda fayil ɗin a ChatGPT ko Gemini a nemi bayani da Hausa, amma duk adadin da suka bayar a koma shafin a gani da ido, don suna iya ƙirƙirar lamba su faɗe ta da cikakken ƙarfin gwiwa.

Wanda ya ga ba shi da lokacin wannan aiki yana da mafita mai mutunci: asusun zuba jari na haɗaka da ke da rajista da SEC, inda ƙwararru ke yin karatun a madadinsa, akwai ma masu bin tsarin Musulunci. Abin da bai dace ba shi ne cinikin biri a sama. Dandalin da ba ya fitar da rahoton kuɗi sam, kamar MMM a 2016 ko CBEX da ya rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, ba ya cikin wannan lissafi. Inda babu littafin da za a duba, ba zuba jari ake yi ba.

Nauyin da ke kan masu manhaja

Laifin ba na masu saye ba ne su kaɗai. An tsara yawancin manhajojin ne don a danna a saya, domin daga kowane ciniki suke samun la'ada. Farashi da kibiya na shafin farko da manyan haruffa, rahoton kuɗi kuwa ko dai babu shi, ko yana ɓoye can ciki. Ƙara layi biyu a ƙarƙashin kowane kamfani, ribar shekara uku da kuɗin da suka shigo a shekarun, ba aiki ne mai wuya ga mai rubuta manhaja ba, alƙaluman kuma a fili suke. Fassara su da Hausa ma haka. Hukumar SEC da NGX, da ke kiran matasa su shigo kasuwa, ya kamata su sa wannan cikin sharuɗɗan lasisi. Matasan arewa masu koyon rubuta manhaja su ma ga aiki a gabansu: shafi ɗaya mai sauƙi da ke ɗauko rahotannin NGX ya fitar da waɗannan layuka da Hausa zai amfani dubban mutane.

Kafin a kai can, nauyin na kan mai kuɗin. Ya zaɓi kamfani ɗaya da yake ganin kayansa a kasuwar garinsu, ya sauke rahotonsa na shekara uku, ya rubuta lamba huɗu na kowace shekara a takarda: ciniki, riba, kuɗin da aiki ya samar, da bashi. Ya ja layi a ƙarƙashin duk ribar da ta faɗo daga gefe. In lambobin sun tafi tare, sai ya duba farashi ya ga ko ya yi masa. In ba su tafi tare ba kuma ya kasa gano dalili, ya rufe manhajar ya bar kuɗinsa a inda suke. Kasuwa na buɗewa kowace Litinin zuwa Juma'a, hannun jarin kuma zai same shi yana nan mako mai zuwa.